Yadda Nasanshi Ya Gasa Kwamfutar Surukarsa

A layinmu babu mai tuna ranar da aka daina kiran mai sayar da labule da sunansa na gaskiya. Nasanshi kawai ake ce masa, domin duk abin da aka ambata a gabansa, ko injin jirgin sama ne ko ciwon hanta, kafin a rufe baki zai ce, "Ai na san shi." Dogo ne, mai tsabta, ba ya fita sai da biro uku a aljihun gaba, ko da yake ban taɓa ganin ya rubuta komai ba. Duk tarihinsa a fagen gyara abu ɗaya ne: shekara shida da suka wuce rimot ɗin talabijin ɗinsu ya daina aiki, ya buga shi a gwiwa, ya tashi. Tun daga ranar yake kallon injiniyoyi da tausayi.

Surukarsa kuwa, wadda kowa ke kira Malama, shekara talatin ta yi tana shugabancin makarantar firamare. Rabin magidantan layin sun taɓa durƙusawa a ofishinta. Da ta yi ritaya, ɗanta da ke aiki a nesa ya aiko mata da laftof irin ta masu wasannin kwamfuta, baƙa, mai nauyi, da fitilu kala-kala a ƙarƙashin madannai, wai don su riƙa gaisawa ta bidiyo. Sau biyu suka gaisa, Malama ta gano tseren motoci. Kafin a ankara ta sayi sitiyari na ɗaurawa a tebur, ta haɗa ƙungiya da wasu tsofaffin malamai huɗu, suna fafatawa da matasa ta intanet. A ranar Asabar ɗin da abin ya faru, ƙarfe huɗu na yamma za a yi zagayen kusa da na ƙarshe na wata gasa, ita ce za ta tuƙa wa ƙungiyar, kuma mutum uku na farko ne kawai za su wuce.

Ƙarfe takwas na safe sai ga ta ta hau benen gidan 'yarta, rungume da kwamfutar kamar jariri mara lafiya. Ta ajiye ta a teburin cin abinci ta kunna. Sikirin ya kawo ratsi-ratsi kore da ruwan hoda, ya yi rawa, ya yi baƙi.

'Yarta, Maman 'Yan Biyu, nan take ta buga wa Injiniya waya, wata mata mai shagon gyaran kwamfuta a bakin titi, ta saki maganar kowa na ji.

"Ratsi kore, sannan ya ɗauke?" in ji Injiniya. "Da alama katin hoto ne, abin da ke zana duk abin da kuke gani a sikirin. Amma kafin a buɗe, kun duba direbansa? Wato manhajar da ke…"

Nasanshi ya fizge wayar. "Ke, ki iya bakinki! Direba ai Mama ce, kuma shekara biyu tana tuƙi ko akuya ba ta taɓa bugewa ba." Ya kashe. "Kun ji raini? Mota ta lalace, sai a ɗora wa direba."

Malama ta dube shi ta saman tabarau. "Baban 'Yan Biyu, zan je asibitin ido, sai ƙarfe biyu zan dawo. Ka ɗauki kwamfutar nan ka kai wa yarinyar can. Kai mata na ce. Me na ce?"

"Kai mata, Mama."

Yana jin ƙarar takalminta ta ɓace a bene, ya naɗe hannun riga.

"Me za ka yi?" in ji matarsa.

"Katin hoto fa aka ce. Ai na san shi. Kati ne, a zare shi, a hure, a mayar. Don wannan zan tsallaka titi in tsaya a gaban mace tana yi mini bayani? Kafin Mama ta dawo motar nan tana gudu har da tashi sama."

Ya juya kwamfutar ta kowane ɓangare yana neman ramin da kati ke shiga. Ya sa katin bankinsa a wata 'yar ƙofa, bai shiga ba. Ya ɗaga ta sama ya girgiza ko katin zai faɗo. Da bai faɗo ba, ya ce ai irin masu ɓuya ne, sai an bi shi har ɗaki.

Ba shi da ƙaramin sukundireba, don haka ya ɗauko almakashin yankan labule da abin yanke farce. Noti goma sha ɗaya ne a bayan kwamfutar. Goma ya zuba a farantin kofin shayi, ɗaya ya riƙe a leɓe kamar yadda yake ganin kafintoci na yi. Murfin ya ƙi fita, ya sa cokali ya banƙare shi, wani abu ya ce ƙas, gwiwar hannunsa ta doki farantin, notuna suka watse, wasu suka shige ƙarƙashin firij.

"Mene ne ya karye?" matarsa ta tambaya daga kicin.

Ya buɗe baki zai ba da amsa, sai idanunsa suka firfito. Ta leƙo.

"Ina notin da ke bakinka?"

Ya haɗiyi yawu a hankali. "Yana wurin ajiya mai kyau."

Cikin kwamfutar ya bayyana: fanka biyu da ƙura ta toshe su kamar auduga, bututun jan ƙarfe, wayoyi sirara, da wani faffaɗan koren allo da komai ke manne a kansa, wanda masu gyara ke kira fanel. Nasanshi ya ɗan yi tsuru-tsuru. Can ya hango wani ɗan abu kamar kan sarki na wasiƙa, da wayoyi biyu a jikinsa. Ya tumɓuke shi ya ɗaga sama.

"Ga gawar! Dubi fuskarsa, ya daɗe da mutuwa."

"Wannan ɗan mitsitsin ne ke zana manyan motocin Mama?"

"Shi ya sa ya gaji."

Ya kunna kwamfutar, ratsin na nan daram. Ya ce ashe su biyu ne suka haɗa baki, ya zare wani dogon abu mai kama da mataji. Ya sake kunnawa. Wannan karon sikirin ko ƙyaftawa bai yi ba.

"Kin gani? Ratsin ya tafi."

"Hoton ma ya tafi."

"Ɗaya bayan ɗaya ake aiki, Maman 'Yan Biyu. Ke da ba ki san fannin ba, ki daina sa baki."

Ya shiga bayi da wayarsa, wai zai wanke hannu, ya nemo bidiyon wani mutum yana gyaran irin wannan matsala cikin yaren da bai taɓa ji ba. Bidiyon minti arba'in ne, minti ɗaya ya kalla. Ya ga mutumin ya nuna wani baƙin murabba'i a manne a tsakiyar fanel, sannan ya hura masa zafi. Ya fito yana murmushi.

"Na gama bincike. Katin a manne yake, kuma sanyi ne ya kama shi. Miƙo mini abin busar da gashinki."

Ya cire fanel ɗin gaba ɗaya, ya sakar masa iska mai zafi. Yawancin notunan da suka rage suka bi iska ta taga. Ya taɓa fanel, ya ce wannan ɗumi ne kawai, ba zai fitar da sanyin da ya shiga ƙashi ba. Ya nufi dutsen guga. Matarsa ta riga shi, ta rungume.

"Wallahi ka taɓa dutsen gugar nan, yau a shago za ka kwana cikin labulenka. Baban 'Yan Biyu, ka rufa mana asiri, ka kwashe kayan nan ka kai wa Injiniya tun ana iya gane su."

"To, zan kai."

Ya naɗe fanel ɗin a takarda, ya sa a hammata, ya sauka. Amma da ya fito, shagon Injiniya yana dama, shi hagu ya yi, ya shiga gidan burodi.

Mai Burodi, wani ƙaƙƙarfan mutum mai fulawa har a gira, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Kana so in sa kwamfuta a tanderuna?"

"Ɓangarenta kawai. Minti takwas."

"Da gishiri ko da sukari?"

"Maganar kimiyya nake yi maka."

"Ni kuma maganar ƙofa nake yi maka. Ga ta can."

Ana cikin haka wayar Mai Burodi ta yi ƙara a ɗakin ciki, ya tafi ɗauka. A kan dogon tebur gwangwanayen burodi ne jere guda arba'in, manya, an shafe su da mai. Nasanshi ya lissafa cewa daga nan tanderu za su wuce. Ya kwantar da fanel ɗin da takardarsa a gindin ɗaya daga ciki, ya sulale, da niyyar dawowa ya ɗauki abinsa idan ya yi zafi. Mai Burodi kuwa shekara ashirin yana wannan sana'a, ya daɗe da daina leƙa cikin gwangwani. Ya dawo yana waƙa, ya bi layi yana maka wa kowanne curin kwaɓi, tim, tim, tim.

Nasanshi ya zarce shagon Mai Aski, inda maza ke zaman jira, ya samu kujera ya harɗe.

"Ƙarfe biyu kowa ya zo nan ƙofar shagon," ya sanar. "Zan tayar da kwamfutar Malama a gaban jama'a. Wadda manyan injiniyoyi suka ce ta mutu."

"Waɗanne injiniyoyi?" in ji Mai Aski.

"Ba na son ambaton suna, kada in kashe wa mutane kasuwa."

"Yanzu tana ina?"

"Tana ɗakin tiyata."

Daga nan ya shiga bayanin yadda hoto ke tafiya a cikin waya, da yadda launin kore ya fi sauran launuka taurin kai. Ya zana wa wani tsoho taswira a kan kumfar askin da ke kumatunsa. Minti takwas ya zama awa biyu da rabi. Sai da ƙamshin burodi ya cika layin sannan ya zabura.

Ya tarar da gwangwanaye arba'in a kife, babu komai ciki.

"Ina… ina abin da ke ciki?"

"Burodi? An kai shaguna," in ji Mai Burodi. "Yau ka zama mai kula da burodina ne?"

Gumi ya karyo wa Nasanshi. Ya fita a guje. Duk shagon da ya shiga sai ya ɗauki burodi ya matsa, ya ɗora a kunne ya girgiza, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Wata mai kanti ta bi shi da tsintsiya. Wata tsohuwa da ta sayo nata ya tare ta a hanya ya ce don Allah ta bari ya saurari burodinta. Ta ce masa Allah ya ba shi lafiya, ta ƙara sauri.

A kwanar layi Mai Shayi yana yanka wa mutane burodi a kan teburinsa. Ya ɗauko wani mai nauyi, ya sa wuƙa, wuƙa ta ce ƙarrr. Ya sake gwadawa, ta sake cewa ƙarrr. Ya ɓare shi da hannu biyu. Ga koren allo kwance a tsakiya yana tururi, da wata 'yar waya ta leƙo ta gefe kamar wutsiyar ɓera.

"Jama'a, ku zo ku gani!" ya yi ihu. "Yanzu har rediyo ake sa wa burodi!"

Kafin ka ce me, wuri ya cika. Wani ya ce kyauta ce ta kamfani, ya sayi uku ko zai dace. Mai Burodi ya iso riƙe da dogon cebur ɗin tanderu. Nasanshi ya kutsa cikin mutane yana haki, ya kama burodin.

"Nawa ne. Kada wanda ya taɓa, bai gama hucewa ba."

"Kai ne ka sa wannan a burodina?" Mai Burodi ya ɗaga cebur.

"Da gangan na yi. Kwaɓin fulawa yana raba zafi daidai wa daida. A manyan ƙasashe duk haka ake yi, ku ne ba ku da labari."

Da ƙyar Mai Aski ya shiga tsakani, ya ce a bari ƙarfe biyu ta yi tukuna, in ya so a kashe shi bayan an ga ƙarshen wasan.

Ƙarfe biyu saura, an fito da tebur ƙofar shagon aski. Har a kan baranda mutane suke. Nasanshi ya sauko da sauran kwamfutar a cikin kwandon wanki, matarsa na biye da shi ta rufe fuska da mayafi. Ya kankare burodi daga jikin fanel da tsinken sakace. Ya tuna a bidiyon akwai wani farin mai da ake shafa wa baƙin murabba'in don kada ya yi zafi, ya fito da man goge baki daga aljihu ya matse rabinsa.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Mai Shayi.

"Ka taɓa goge baki ka ji zafi? Sanyi kake ji. To, ita ma haka."

Ya cusa komai ciki. Murfin ya ƙi rufuwa, kuma noti biyu kacal suka rage, don haka ya ɗaure kwamfutar da igiyar labule mai tuntu, ya yi mata ƙulli mai kyau a sama. A kan tebur an bar fanka ɗaya, da batir, da abin nan mai kama da mataji. Ya ce waɗannan kamfani ne ke ƙarawa don ta yi nauyi.

A daidai lokacin ne taro ya dare biyu. Malama ta iso da sabon tabarau. Ta dubi kwamfutar da ƙullinta, ta dubi surukinta.

"Ka kai mata?"

"Mama, na kai ta inda ya fi."

Ya jona caja, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna. Shiru. Can sai fankar da ta rage ta yi tari, ta tashi da ƙarfi, ta feso garin burodi a kan sabon tabaran Malama. Ƙamshin na'a-na'a da ƙonannen sukari ya tashi. Sifika ta yi wani dogon kuka irin na tunkiya. Farin kumfa ya fara ɓuɓɓugowa ta tsakanin madannai, madannai uku suka yi tsalle suka faɗa kwata. Sai wani siririn hayaƙi, sai ɗif. Tantabaru biyu suka sauko kan tebur suka fara tsattsagar kwamfutar.

Babu wanda ya yi dariya, domin Malama tana goge tabarau, kuma duk wanda ya yi makarantarta ya san abin da ke biyo bayan wannan gogewar.

"Ɗauki," ta ce. "Wuce gaba."

Haka ya tsallaka titi rungume da kwandon wanki, Malama a bayansa, layi guda a bayan Malama.

Injiniya ta kwance igiyar. Ta sa fanel a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta zaro wani guntun ɓawon burodi da hantsaki, ta shinshina, ta ajiye. Ta fi awa guda tana taɓa wurare da tsinken mitar gwajin wuta, tana girgiza kai.

"Malama, da safe matsalar ƙarama ce. Ƙura ta toshe fanka, zafi ya yi yawa, dalmar da ke riƙe da katin hoton ta saki. Aikin awa biyu ne. Yanzu kuwa wurin caji ya ƙone, sifika ta tafi, madannai sun tafi, wayar sikirin ta tsinke, katin intanet an tumɓuke shi da saiwarsa." Ta sake taɓa tsakiyar fanel ɗin, ta tsaya, ta sake taɓawa. "Ikon Allah. Ni dai ban san yadda aka yi ba, amma dalmar ta kama. Katin hoton lafiyarsa ƙalau. Duk cikin kwamfutar nan shi kaɗai ne mai rai."

Nasanshi ya ajiye kwando, ya juyo ya fuskanci jama'a, ƙirji a gaba.

"Kun ji da kunnenku! Me aka ce ya lalace? Katin hoto. Me na gyara? Katin hoto! Sauran ai ba a ba ni aikinsu ba."

Nan ne dariya ta ɓarke. Mai Burodi ya zauna a ƙasa da cebur ɗinsa yana share hawaye. Malama ba ta ko murmusa ba. Agogo ta duba: huɗu saura ashirin.

"'Yata," ta ce wa Injiniya, "kina da wadda za ta iya ɗaukar tsere?"

"Akwai babbar da nake gwaji da ita. Sai dai sikirin ɗin ba shi da ƙafa, ta karye, kuma ba ni da inda zan jingina shi daidai idonki."

Malama ta juya a hankali ta dubi surukinta daga sama har ƙasa, kamar mai auna katako.

"Ga ƙafa," ta ce.

Maman 'Yan Biyu ta ruga ta ɗauko sitiyari. Ƙarfe huɗu daidai Malama na zaune ta kama tuƙi, Nasanshi na tsaye a gabanta, ya buɗe hannuwa ya riƙe ƙaton sikirin a ƙirji. Zagaye arba'in ne. Duk layin suna kallon tseren, shi kaɗai ne ba ya ganin komai sai fuskokinsu.

"Mama, ki ɗan sha kwanar nan ta ciki," ya ce daga baya.

"Miƙaƙƙiyar hanya ce. Rufe baki. Ɗaga hagu, titi ya karkace."

A zagaye na ashirin hannuwansa suka fara karkarwa.

"Wa ya kawo girgizar ƙasa? Tsaya cak!"

Ƙuda ya sauka a hancinsa, Mai Aski ya kore masa da tawul, ba don tausayi ba, don kada ya yi atishawa. A zagayen ƙarshe Malama tana ta huɗu. Ta matse wata jar mota a kwana, ta shige ta ciki, ta tsallaka layi ta uku. Shagon ya kaure da ihu. Tsofaffin malamai huɗu suka bugo waya lokaci ɗaya suna kuka.

Malama ta miƙe, ta gyara mayafi. "Injiniya ta ce sabon fanel sai bayan mako uku. Ina atisaye kullum ƙarfe huɗu. Kada ka makara."

Aka zare sikirin daga hannunsa, amma hannuwan suka ƙi sauka. Sun sandare a buɗe, kamar zai rungumi firij. Mai Aski ya danna na dama, ya koma. Matarsa ta duba, ta ga ba za a bar wuri a banza ba, ta rataya masa kwandon wanki a ɗaya, jakar Malama a ɗayan. A ƙofar shagon sai da ya juya ya fita a karkace.

A bakin titi wani baƙo da ya sauko daga mota ya tsaya yana kallonsa.

"Malam, lafiya? Me ya sami hannunka?"

Nasanshi ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu, ya gyara murya.

"Lafiya lau. Girman matsalar da na gyara yau nake nuna wa mutane."